Mun Je Damagaram, Mun Dawo da Belinmu

Ana sallame sallar asuba ranar Talata muka bar ƙauyenmu da ke bayan Dogo, mu uku: ni, da 'yata mai shekara shida, da mahaifiyata wadda ba wanda ya gayyace ta. Na fito na tarar har ta riga mu hawa amalanken maƙwabci, ƙullin kayanta a cinya. Ta ce za ta je ta ji da kunnenta, don ta san halina, ko lokotoro, wato mai duba marasa lafiya a asibiti, ya ce a cire beli sai in dawo in ce siro na tari ya rubuta.

Ga abin da ya tashe mu. Wata biyu ke nan yarinyar tana tari. Da rana da sauƙi, amma da ta kwanta sai ya taso, ta yi ta yi har amai. Hanci kullum a toshe, ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta. An sha siro kala uku, an sha zuma da lemun tsami, shiru. A wajen Inna kuwa maganar gajeriya ce: beli ne. A gidanmu duk jaririn da aka haifa, wanzami na yanke masa ɗan naman nan da ke reto a ƙofar maƙogwaro. Ni ne na hana a yi wa tawa, domin na ga jinin da ɗan ƙanwata ya zubar, da ƙyar aka samu kansa. Shekara shida Inna na jiran ranar da za ta ce ai ta faɗa. Yanzu ta aika wa wanzami ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dangi duk suna bayanta, har matata ta fara sunkuyar da kai in ana zancen. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, na iya gardama, amma ba ni da amsar tarin nan. Kwana uku gare ni in nemo ta, kuma gaskiya tsoro nake ji.

Damina ta yi kyau bana. Gero ya fara fid da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, sai dai ruwan Lahadi ya cinye hanya. Sau biyu amalanke yana kafewa muna sauka mu tura, ban da Inna da ta ce ita fasinja ce. A bakin kwalta a Dogo muka karya da kunu da ƙosai, wanda ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa abu. Kuɗin mota ma ya hau, direba ya ɗora laifin a kan mai.

Ba mu yi nisa ba tarin ya taso, nan take motar ta zama likita. Wani ya ce man shanu da tafarnuwa, wani ya ce hayaƙin habbatus sauda. Wani Bakano mai kai robobi kasuwar Dole ya leƙo ya tambaya ko an cire mata beli. Inna ta dube ni ta gyara zama, ta miƙa masa goro. Abin da ya fi sosa mini rai wata mata ce da ta janye ɗanta ta rufe masa fuska da gyale, wai kar ya zama tarin fuka. Yarinyar ta gani, ta sa kanta a cinyata ba ta ƙara ɗagowa ba sai da duwatsun Damagaram suka bayyana.

A tasha Inna ta ƙi hawa babur ɗin kabu-kabu, ta ce ba ta zo birni don a karya ta ba, sai adaidaita muka nema. A likitar yara, wato asibitinsu, mun tarar da mata baje da tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi, kowace da ɗanta a baya. Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Lokotoron mace ce, 'yar siririya. Inna ta raɗa mini cewa wannan ai ba ta kai ƙanwata ba.

Na gyara murya na fara zuba bayani da Faransanci. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaya da Hausa wa ke kwana da yarinyar. Na nuna Inna. Daga nan aka manta da ni. Da baki a buɗe take barci? Inna ta ce ƙwarai, har da minshari. Bakinta na wari da safe? Ta ce kullum, ga idanu a kumbure. Majinar wace iri ce? Ta ce mai kauri, ruwan ɗorawa, tun murar farkon damina ba ta tsaya ba. Ko ɗaya cikin waɗannan ban sani ba, na ji kunya. Lokotoro ta saurari ƙirji, ta danna kumatu da yatsa yarinyar ta zabura, sannan ta tura mu hoton ƙirji don a kawar da zancen fuka, ta ce mu dawo gobe.

A unguwar Birni muka kwana gidan ɗan kawuna. Sun yi mana dambu da zogale, amma ruwan wanka rabin bokiti ne, don famfonsu ya kwana biyu bai kawo ba. Washegari hoto ya nuna ƙirji fes. Inna ta ce, "To, 'yata, ba ƙirji ba ne, saura me? Beli."

Lokotoro ba ta yi mata musu ba. Ta sa yarinyar ta buɗe baki, ta danne harshen da ɗan katako, ta miƙa wa Inna fitila. "Inna, duba da kanki. Ga belin nan, lafiyarsa lau. Me kika gani a bayansa?"

Inna ta daɗe tana leƙe. Can ta ce, "Majina ce ke gangarowa."

Sai aka yi mana bayani. A cikin ƙashin kumatu da gefen hanci akwai 'yan koguna, wato ramuka. Mura ta toshe ƙofarsu, ruwa ya taru ya ruɓe. In yaro ya kwanta sai ya bi ta bayan hanci ya zuba a maƙogwaro, shi ne tarin. Sinizit suke ce masa. Ta ce da an yanke belin, da an zubar da jini a banza, tarin na nan. Ta rubuta maganin sha da ruwan gishiri na wanke hanci, ta ja kunne kar a tsaya don an ga sauƙi. Kafin mu fita ta ce wa Inna ba don amsoshinta ba da aikin ya yi mata wuya. Ni da Faransancina ko sannu ban samu ba.

Ranar Alhamis muka juyo, bayan na sayi alkaki na tsaraba. A mota wani ya ji tarin ya fara kawo nasa maganin, Inna ta katse shi ta yi masa darasin koguna tun daga shingen jandarma har Dogo, tana danna kumatunta tana nuna masa. Ba ta iya faɗin sinizit ba, amma ba ta kuskure komai a bayanin ba.

Na koyi abu a tafiyar nan. Shekara shida ina ce wa Inna a'a, ban taɓa nuna mata komai ba. Yarinyar da ba ta kai ƙanwata ba ta ba ta fitila minti ɗaya, magana ta ƙare. Yau kwana goma sha biyu, 'yata na barci har safe, jiya ma sai da ta nemi ƙarin tuwo.

Wanzami kam ya zo ranar Juma'a kamar yadda aka yi da shi, da zabirarsa a kafaɗa, dangi sun cika zaure. Inna kuwa ba ta ce mini ta fasa ba. Ta fito riƙe da hannun jikarta, ta gaishe shi, ta ce belin wannan yarinya ba mai taɓa shi, ita ta gan shi da idonta. Sannan ta nuna ni da baki, don ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana.

"Amma tun da ka wasa askarka, ga kan ubanta nan, ya yi suma."

Na cire hula na zauna. Ban taɓa jin daɗin aski irin na ranar ba.