Tsarabar da Na Kai wa Laoban

Tun ina yaro aka koya mini ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Shi ya sa da zan je garin Shiling, can ƙasar wajen da nake saro kaya, roƙon mai masana'antar jakunkuna ya saka ɗan aikina a layi kafin Sallah, na ce dole in riƙe wani abu. Laoban muke ce masa, wato maigida. A duk garin shi kaɗai ke karɓar ƙaramin aiki irin nawa. In ya ƙi, rumfata a Kano za ta yi Sallah wayam.

Na san yana son wasan golf, don sandunan na jingine a ofishinsa. A wani shagon tsofaffin kaya na hango zane cikin firam, takardar har ta yi ruwan ƙasa. Na ga ciyawa, na ga sanda, na ga ƙwallo. Shi ke nan. Direba na ta danna mini oda a waje, na ɗauki hoton abin a waya, aka naɗe mini shi da jar takarda.

Laoban ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye a gefe. Su ba sa buɗe kyauta a gaban mai ita. Batun aiki kuwa ya ce in dawo nan da kwana uku.

A hanyar komawa Dengfeng, unguwar da muke sauka, na nuna wa abokina, wani ɗan Maraɗi, hoton don ya yaba. Ya buɗa shi da yatsa.

"Alhaji, ka duba wannan abu kuwa?"

Sai a lokacin na duba. Wani ƙato ne mai tumbi da sanƙo, cikin wando iya gwiwa. Ya yi ta sara har ya haƙa rami ya nutse zuwa ƙugu, ƙwallon na nan zaune ko gezau. A bayansa ga matarsa da akwati tana barin gida, ko waiwaye bai yi ba.

Laoban ƙato ne. Yana da tumbi, yana da sanƙo.

Kwana ukun nan ko tuwon da nake marmari ban ji daɗinsa ba. Na rubuta saƙon ban haƙuri na goge ya fi sau goma. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Ta yi shiru, ya fi faɗuwa. Haushin kaina kuwa ba a magana. Mutum da gemunsa, mai duba ɗinkin jaka zare-zare, ya kasa duba takarda guda!

Da ranar ta zo na shiga ofishin Laoban. Ga zanen an rataye shi daidai saman kujerarsa. Ya nuna ƙaton, ya nuna ƙirjinsa. Bai yi dariya ba.

Da ɗan Turancinsa ya ce shekara da shekaru yana buga wasan nan don manyan masu saye, ba ya so, bai kuma iya ba. Kowa sai ya tafa masa. Matarsa ma ta gaji da jiransa duk ranar hutu.

"Kai kaɗai ka faɗa mini gaskiya," in ji shi. "Gobe za a fara yanka fatar jakunkunanka."

Na ce na gode. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Shekara shida ke nan muna aiki tare, yana gabatar da ni ga mutane a matsayin Bahaushen da ba ya tsoron gaskiya, ni kuma har yau na kasa gaya masa ban duba ba.