Mazarin da Ba Ya Tsayawa

Aikina yanzu shi ne sa zane ya yi motsi a ordinatar, wato kwamfuta, irin hotunan da ake yi wa yara. Makon jiya aka ba ni zanen wata tsohuwa tana kaɗi, aka ce in sa mazarinta ya yi ta juyawa. Dabarar ita ce hoton ƙarshe ya haɗe da na farko sumul, ido ya kasa gane inda juyi ya ƙare da inda wani ya soma. Na yi, abokan aiki suka yaba. Ni kuwa na kasa kallonsa, don ya mayar da ni garinmu Dogo-Dogo, gaban murhun Iya.

Iya kakata ce, uwar babana. Shekarar da fari ya cinye gero da shanu, babana ya tsallaka Nijeriya cin rani, ya ce zai dawo kafin shuka. Aka yi shuka uku bai dawo ba, babu saƙo, babu labarin mutuwa. Innata tana nan cikin gidan, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. Daka, rijiya, tuwo, gobe ma haka. In jaki ya tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai.

Bayan magariba, lokacin sanyi, Iya kan tura kara a wuta, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Tsohuwa ce mai faɗa, amma in ta ce, "Ga ta nan tafe, ku tare ta," har akuya sai ta yi shiru. A shekara ta uku sai ta maƙale wa tatsuniya ɗaya, kuma da ƙarfi take yinta, alhali muna gabanta.

Wai wata yarinya ce gwanar kaɗi, abin da ke ɓata mata rai kawai shi ne zare ya tsinke ta ƙulla. Sai ta roƙi aljanar tsamiya ta ba ta mazarin da ba ya tsayawa. Aljana ta ba ta. Murzawa ɗaya, ya kama juyi, ko rawa ba ya yi, mai kallo sai ya ce a tsaye yake. Zare ya cika kwando, ya cika ɗaki, ya naɗe ƙofa. Ana buki a gari tana jin kiɗa, ba hanyar fita. Aljana ta leƙo ta rufin ɗaki ta ce, "Tsinke zaren mana, ki fita." Yarinya ta ce, "Zaren da ko ƙulli ɗaya babu?" Tana nan zaune har furfura ta fito mata.

Na ce, "Iya, wannan kuma? A yi mana ta kura mana."

Ta ce, "Ke kaɗai ke da kunne a gidan nan?"

Inna tana can gefe tana wanke ƙwarya. Ba ta juyo ba, ta ce, "Iya, wutar taku za ta mutu."

Ni dai na ɗauka darasin shi ne kada mutum ya roƙi aljana kome. Sai da na girma, na yi nawa aure, na gane uwar miji ba ta iya buɗe baki ta ce wa matar ɗanta ta je gaban alƙali a raba auren. Kunya ba ta bari. Abin da Iya ta iya ke nan, kuma ta yi shi har ta rasu.

Inna ba ta fita ba. A gidan ta tsufa. Wata rana ina taje mata kai, na ce, "Inna, kin san da ke Iya take?"

Ta ce, "Tun daren farko na sani. Allah ya jiƙanta, ta so ni."

"To, me ya hana ki?"

Ni ce ƴar fari, ko sunana ba ta faɗa, balle irin wannan magana. Can ta ce, "In na fita, dangin ubanki ba za su bar ni in tafi da ke ba."

Na ci gaba da tajewa. Shekara da shekaru ina jin haushin yarinyar tatsuniyar nan, ina ce mata wawuya, ashe a ɗakinta na girma. Kan Inna duk ya yi fari, ko baƙin gashi ɗaya ban samu ba.