Ranar da Na Toshe wa Injin Sanyi Baki

Shekarun baya can, tun Kontagora tana ƙarƙashin Sakkwato, ba a ma fara zancen jihar Neja ba, na yi aiki a wani ɗakin sanyi na ajiye kifi. Lokacin tafkin Kainji bai daɗe da cika ba, kifi ya yi yawa har ana rasa yadda za a yi da shi. Maigidana ya sayo injin sanyi da janareta, ya damƙa mini makulli. Ga ni sabon ango, ga sabon aiki, ai sai kai ya kumbura.

Aikin ba wuya. Da azahar sai in jingina da ƙofar ɗakin, sanyi yana ratso bayana, injin yana gurnani a hankali. In lumshe ido, shi ke nan na tafi. Yau ina cikin kwalekwale a tsakiyar tafki, gobe ina wata ƙasa da aka ce ƙanƙara tana zubowa kamar garin dawa. Ban taɓa wuce Zungeru ba fa, amma a bakin ƙofar nan babu inda ban je ba.

Makanikin da ya haɗa injin ya nuna mini wata ƙararrawa da jar fitila. Ya ce, "In zafi ya yi masa yawa zai buga wannan, ya kashe kansa. Kada ka tayar da shi sai ka gano dalili." Na ce to, hankalina yana kan girkin amarya.

Da bazara ta kama, na dubi ɓangaren injin da ke waje, mai fanka, rana tana dukansa, sai tausayi ya kama ni. Mu da ko akuya ba ma bari a rana? Na sayo sabuwar zana na kewaye shi ruf, na ɗora tabarma a sama. Har ja da baya na yi ina yaba kaina.

Washegari wata tsohuwa Bakambariya daga wajen Auna ta kawo kifin da 'ya'yanta suka kama, giwan ruwa manya-manya, za a wuce da su Kaduna jibi. Da kuɗin kifin nan za ta yi wa ɗakinta rufi kafin damina. Tana juya baya ƙararrawa ta fara. In danna maɓalli injin ya tashi, jim kaɗan ya sake mutuwa. Duk inda na tafi a zuci sai ƙararrawar ta dawo da ni.

Abokina direban babbar mota ya same ni ina tsaki. "Kai ma dai! Kayan Bature shagwaɓa gare su. Danne maɓallin da tsinken ashana ka huta." Na danne, na cusa wa ƙararrawar tsumma. Wuri ya yi tsit, na koma kwalekwalena.

Ƙaurin wayar lantarki ne ya tashe ni da la'asar. Injin ya ƙone ƙurmus, makaniki kuma yana Kaduna.

Tsohuwar ta zo, ta dubi zanar, ta dubi tsumman.

"Ɗana, wa ya rufe shi?"

"Ni ne, Iya. Saboda rana."

"Mu ko banda muke yi, muna bar wa wuta ƙofa. Ya yi kuka, kai kuma ka toshe masa baki?"

Wallahi da ma zagina ta yi. Ta tara mata, suka haƙa rami, suka shiga bandar kifi. Rabi ya tsira, rabi aka binne a bayan gari. Maigidana ya karɓi makullinsa, bai ma ɗaga murya ba.

Da damina ta yi nisa kunya ta kai ni ƙauyensu neman gafara. Na tarar ana ruwa, ɗakinta yana yoyo, ta jera ƙore tana tara.

Har yau in na tuna, ba rasa aikin ke cin raina ba. Ban yi da mugunta ba, tausayi ne ya sa na rufe shi, son barci ya sa na ƙi saurarensa, kuma wadda ba ruwanta ita ta kwana a jiƙe. Shi ya sa duk abin da ya yi ƙara a gidana, yaro ne ko tukunya, sai na tashi na duba.

Ranar da na je ƙauyen, tsohuwar ce ta riga ni magana. Ta janye ƙwarya ɗaya gefe, ta ce, "Zauna nan, ɗana, nan bai cika zuba ba."