Alhamis ɗin da Na Ƙwace Waya a Bayan Rumbu

Tsufa ya fara kwashe min abubuwa daga ka, har nakan yi ta neman carbi alhali yana wuyana. Amma wata Alhamis ta lokacin cirar gyaɗa, wannan kam ba zan manta da ita ba har a sa ni a ƙasa. Ko yanzu da nake ba ku labarin, sai na ji raina yana tafasa.

'Yata ta fari ungozoma ce a wani asibitin kuɗi a Bici. Kun dai san 'yar fari a wurinmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, ba ma zaman hira, ita ma ba ta ce min Inna, Yaya take ce min yadda ta taso ta ji ƙannena suna faɗa. Da farko ungozomomin suna da yawa a ɗakin haihuwa. Wannan ta bi miji wani gari, waccan ta samu aikin gwamnati, mai asibitin bai ɗauki kowa a madadinsu ba. Sai yarinyar nan ta zama ita ce safe, ita ce kwana. Yammacin Alhamis kaɗai ake sakinta.

Sai ta tsiri zuwa ƙauye duk Alhamis. Ta gaishe ni a tsaitsaye, ta zagaya bayan rumbu inda sabis ya fi kamawa, ta zauna da waya. Ina kallonta ta wutsiyar ido, wuya ya zurma, idanu sun faɗa. Ƙanwarta ce ta gaya min wai asibitin ne ya haɗa ma'aikatansa da wata likitar damuwa, ana ganin juna ta waya, don kada gajiyar aiki ta kayar da su. Kuma wai dole ne. Ku ji fa! Ɗan lokacin da mutum yake da shi na miƙe ƙafa, shi ma an karɓe, an ce magani ne. Gidanta yara ba sa barinta ta kaɗaita, shi ya sa take zuwa wurina.

Ran nan ina zaune jikin zana ina tsinkar gyaɗa, ba laɓe nake yi ba, gidana ne. Sai na ji muryar mace daga wayar tana cewa, "Ja numfashi a hankali. Riƙe. Yanzu saki." Na ce ikon Allah, yau kuma numfashi ake koya wa wadda ta haifi 'ya'ya.

Sai yarinyar nan ta fara magana, da wata murya da ban san tana da ita ba. Ta ce in ta ji a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar asibiti, addu'a take kada ya zama mai naƙuda ce. Ta ce mace na kuka a gabanta, ita kuwa ba ta jin komai, kamar an cire mata tausayi. Ta ce shekaranjiya barci ya fizge ta a tsaye da jariri a hannunta, Allah ne ya sa bango ya tare ta. Gyaɗar da ke hannuna ta zube.

Matar ta ce, "Wa kike da shi da za ki jingina da shi?"

'Yata ta ce, "Ba ni da kowa."

Ba ni da kowa! A gidana, a bayan rumbuna, ina raye ina jin ta! Ban san lokacin da na ture zanar ba. Na fizge wayar, sai ga wata yarinya da tabarau a fuskar wayar, ba za ta girmi autata ba.

Na ce, "Ke 'yar gidan waye?"

Ta ce, "Ina wuni, Inna. Ki yi haƙuri, wannan ganawa ta sirri ce."

"Sirri? Tsakaninki da wadda na yi wa naƙuda?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi 'yata ko ta yarda in zauna. 'Yata ta ja mayafi ta rufe fuska, ta gyaɗa kai. Ni kuwa na saki baki. Na ce aikin mutum da yawa an ɗora wa mace ɗaya, maimakon a kawo mata hannu an kawo mata mai koya mata shaƙar iska. Na ce mu nan in gona ta fi ƙarfin mutum, gayya ake kira, jama'a su zo da fartanya, ba a zaunar da shi a tambaye shi yadda yake ji.

Ta bari na gama tas. Sannan ta ce, "Inna, gaskiyarki. Na gaya wa masu asibitin haka ba sau ɗaya ba. Saurare aka ɗauke ni in yi, ba ni da ikon ƙara ma'aikata. Amma ke kin taɓa tambayarta?"

Na ce, "'Yar farin tawa? A ina kika taso?"

Ta ce, "To shi ya sa take gaya min. Ni ba ta jin kunyata."

Na miƙa wa 'yata wayarta, na koma kan gyaɗata. Maganar ta ƙona ni, amma na san ba matar wayar ce abokiyar faɗana ba.

Washegari da safe na zagaya gidajen da 'yata ta karɓi haihuwarsu, kuma suna da yawa. Na ce gayya nake kira. Muka cika mota da goyo da tabarmi, muka sauka a barandar asibitin muka shimfiɗa. Mai asibitin, wani Alhaji mai ƙamshin turare, ya fito yana cewa, "Lafiya, Hajiya?"

Na ce, "Ban je ba tukuna, Inna ma ta isa. 'Yata na zo ɗauka."

Ya ce ai suna kula da ma'aikatansu sosai, har likita suka sa musu ta waya.

Na ce, "Alhaji, shanun huɗa ma in rana ta take ana kwance musu karkiya. Kai ka taɓa ganin wanda ya bar su a ɗaure ya ce su ja numfashi? Ranar da jaririn wani ya suɓuce daga hannunta, sunanta za a kira ko naka?"

Wata daga baya ta ɗaga nata goyon ta ce, "Wataƙila ma wannan ne ya kusa suɓucewa, Alhaji, ranar Talata na haife shi!" Masu jiran ganin likita duk suka juyo. Ya goge goshi, ya ce mu shiga ofis. Na ce nan ma da iska.

'Yata ta fito tana raɗa min, "Yaya, za ki sa a kore ni." Na ce in sun kore ki akwai gero a rumbu. Ba su kore ta ba, wa zai karɓi haihuwar? Ya ba ta hutu a ranar. Ya ja ƙafa kafin ya ɗauko mai aikin kwana, sai da muka sake shimfiɗa tabarmi, amma ya ɗauko.

Na tafi da ita gida. Ta kwanta a gadona ta yi barcin da har na riƙa kai hannu hancinta. Ta daɗe tana fushi da ni wai na tona mata asiri. Ba ta daina ganawa da matar wayar ba, ni ma ban hana ba, har kaji nake kore mata.

Har gobe ban ce kunya laifi ce ba, kuma sunanta ba zai fita daga bakina ba. Abin da na koya shi ne, wanda aiki ya danne yana bukatar mai saurarensa, amma saurare ba ya sauke kaya, sai an sa hannu. Kuma in na ce mata "Yaya aiki?" ta ce "Da godiya," yanzu ba na wucewa. Zama nake yi, in ce, "Na ji ta mutane. Gaya min tawa."