Wutsiyar Taken Kawu Ilu

Duk wanda ya san Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, ya san inda ake samunsa ranar Asabar bayan la'asar. Ba ya rumfarsa ta nama a Fagge, ba ya gida. Yana gindin katangar wani otal a titin Ibrahim Taiwo, ya ci babbar riga, ya manna kunne da bulo. In ka tambaye shi me yake yi, sai ya yi tarin nan nasa mai kama da tashin tsohuwar lori, ya ce, "Iska nake sha. Ta gidanku ce?"

Wace iska, kishi ne tsagwaronsa. Kawu ɗan dambe ne a zamaninsa, kuma kun san kowane ɗan dambe da takensa, kiɗan da in an buga shi kaɗai zai miƙe. Mato makaɗi ne ya yi masa nasa tun suna samari. To da kuɗin fetur ya shigo, Turawa suka cika gari, sai otal ɗin ya shirya musu wasan gargajiya duk Asabar a kan ciyawa. Aka ɗauki Mato da kalangunsa, ba a ko waiwayi Kawu ba. Aka samo wani Sabo mai raba lemo a otal ɗin, kyakkyawa mai tulin gashi, aka naɗe masa hannu aka ce ga gwanin Kano. Kuma taken Kawu ake buga masa.

"Ko sun kira ni ba zan je ba," in ji Kawu. Amma fa duk Juma'a sai an kai rigar nan wajen masu bugu.

Tun daga nan bai ƙara yi wa Mato magana ba. In sahu ya haɗa su a masallaci, sai ya juyo gare ni ya ce, "Gaya wa ma'aikacin otal ya taka mini riga." Alhali kafaɗarsu na gugar juna.

Wata rana Sabo, bawan Allah, ya zo rumfa ya durƙusa ya ce yana son a koya masa damben gaske. Kawu ya ƙare masa kallo ya ce, "Wa ya taɓa kayar da kai?"

"Ai karɓa-karɓa muke, Baba. Yau in faɗi, mako mai zuwa abokina ya faɗi."

"Au, adashi kuke yi. To je ka wajen mata, sun fi ni iyawa."

Abin da ya fi ƙona masa rai hoton Sabo ne da Mista Okoro mai hoto a Sabon Gari yake bugawa a kati, Turawa na saya suna aikawa gida. Kawu ya ja ni har shagon ya ce shi ma a ɗauke shi. Okoro ya ce, "Baba, Turawa ado suke so. Sa gashin jiminar nan, ka riƙe mashi."

"Mashi a dambe? In ina da mashi, uwar me zan yi da hannu?"

Haka aka ɗauke shi ba ado, ga tumbi, ga harara. Ya yi ta sintiri har sai da Okoro ya ɗora hoton sama da na Sabo a gilashi. Ko Bature ɗaya bai taya ba. Kawu ya saye katunan kaf a ɓoye, ya dawo Fagge yana cewa, "Nawa sun ƙare a kasuwa. Na yaron suna can suna shan ƙura."

Ni nake kai shi gindin katangar a babur, don haka na ga abin da ba ku gani ba. Taken yana da wutsiya, wani ɗan guntun kiɗa a ƙarshe, wanda a da shi ne lokacin da Kawu yake sakin hannu abokin karo ya sha ƙasa. In kiɗa ya doshi wurin, sai Kawu ya ɗauke numfashi. Sai kuma Mato ya kauce ya shiga wani kiɗan daban. Kawu ya tofar da yawu ya ce, "Tsufa ya ci shi, ya manta. Tashi babur." Amma a hanya har waƙa yake yi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Mato ya zo dubiya. Kawu ya juya fuska bango ya ce da ni, "Gaya wa ma'aikacin otal barci nake."

Mato ya matso kusa. Ya zauna a bakin gadon ƙarfen Kawu, ya fara buga taken da yatsu a jikin ƙarfen, a hankali. Wannan karon bai kauce ba, ya bi shi har wutsiya. Wallahi ina kallo hannun daman Kawu, wanda ya daɗe bai motsa ba, ya dunƙule.

Bai juyo ba ya ce, "Da ka taɓa ba su wannan, da na tsallako katangar."

Mato ya ce, "Na sani. Duk Asabar ina jin tarinka."

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa taurin kansa, ya haɗa shi da Mato a inda babu katanga tsakaninsu.