Gadon Ɗorin da Ya Ratsa ta Tafin Hannuna

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata kolej a Tasawa, abokina mushen Faransanci (mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu) ya nuna wa ɗalibai wani fim ranar Laraba da la'asar. Labarin wasu mutane ne da ake kira Maori, can wani tsibiri a bayan teku. Shugabancinsu gado ne na ɗa namiji, ga tsohon shugaban ba shi da magaji sai jika mace, shi kuma ya kafe ya ƙi ko kallon ta. Da aka gama na miƙe gaban yara na yi wa tsohon nan tatas. Na ce taurin kai ne da jahilci. Har tafi aka yi mini, ni kuwa sai hura hanci nake.

Muna fita abokina ya dube ni ya ce, "Jawabi ya yi kyau. Yaya labarin yayarka?"

Ya san gidanmu sarai. Mahaifina maɗori ne a wani ƙauye kusa da Kanan Bakashe. Tun daga kakanninmu duk wanda ya karye a yankin gidanmu ake kawo shi. Ni kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yansa, kuma ni tun ina ƙarami ko kaza aka yanka sai na kau da kai. Yayata ce ta tashi a gindinsa. Ita ke fere karan dawa, ita ke yaga tsumma, ita ke narka man shanu. Da mijinta ya rasu ta dawo gida, ta tarar hannun tsoho ya fara rawa. Daga nan ita ke jan ƙashi ta daidaita shi, shi kuma ya ɗora hannunsa a kan nata ya yi tofi. Kowa a ƙauyen ya san haka, amma in an warke Baba ake zuwa yi wa godiya.

Abin da ba ta da shi shi ne addu'ar gidan. Wannan a kunne ake faɗa wa magaji a gaban dattawa, a yi masa tofi a tafin hannu, sannan a ɗaure shi da alkawari: kada ka ba kowa sai ɗanka namiji. Mutanenmu ba sa yarda da ɗorin wanda ba a yi wa tofin nan ba, kome gwanintarsa. Wato ranar da Baba ya kwanta dama, in ba a ba ta ba, sana'ar ta mutu a gidanmu ke nan. Shi kuma ya riga ya aiko mini cewa in zo bayan girbi in karɓa.

Sai na yi dabarar 'yan boko. Na ari ordinatar abokina, wato kwamfutarsa, da fim ɗin a ciki, na hau moto, wato babur, na nufi gida, a raina ina cewa tsoho na gani zai ji kunya. Da hantsi na zaunar da shi a inuwar rumbu ina fassara masa. Yayata tana gefe tana sussukar gero, tana yi kamar ba ta ji. Ya kalla har ƙarshe. Da na rufe na tambaye shi yadda ya ga taurin kan tsohon.

Ya ce, "Wanga tsoho ba ƙin ɗiyar yaka yi ba. Tsoro shika ji."

"Tsoron me, Baba?"

"Abin da aka ba ka amana tun kaka da kakanni, ba ka so a ce ga hannunka ya ɓaci. Kai ba a taɓa aza maka kaya ba, shi ya sa kake da baki."

Na zo in koya masa darasi, sai ga shi ya fi ni fahimtar fim ɗin da ko harshensa ba ya ji. Ya ce jibi za a yi abin da ya kira ni dominsa, ya tashi ya shige ɗaki.

Na sami yayata na ce mata ni zan ƙi karɓa. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Mushe, kar ka kunyata shi gaban 'yan uwanshi. Ka amsa. Ni ko ba sunana ina aikina." Ta faɗa da murmushi, amma idonta ya kawo ruwa, kuma ban taɓa jin nauyin zama namiji irin na ranar ba.

Ranar ta zo, dattawa suka zauna a kan tabarmi a tsakar gida, har da baffana, ƙanin Baba. Al'ada ce magaji ya fara ɗori da hannunsa a ga ni. Aka kawo wata akuya da amalanke ya taka wa ƙafa. Na durƙusa na kama ƙafar, na ji ƙashin yana motsi a ƙarƙashin fata, akuya ta yi wani kuka, sai na ga tsakar gidan tana juyawa. Da ƙyar na ɗaure karan, shi ma a karkace. Baba ya shafa ɗorin. Ya ce a kai ta bayan zana, inda mata suke tsaye. Ba a jima ba aka dawo da ita ɗaure tsaf, ya sake shafawa, ya gyaɗa kai. Babu wanda ya tambayi hannun da ya gyara.

Duk da haka ya ce in matso. Ya kama kaina ya faɗa mini addu'ar a kunne sau uku har na riƙe. Ya buɗe tafin hannuna na dama ya yi tofi, ya naɗe yatsuna a kai. Kowa na jiran alkawari. Sai ya saki hannuna ya ce, "Shi ke nan. Allah shi yi albarka."

Baffana ya ce, "Yaya, ka mance da sauran."

Baba ya ce, "Ban mance ba. Ni ubana ya ce in ba ɗa namiji, na ba shi, na cika alkawali. Shi kuwa ban ɗaure shi da komi ba."

Bai kalle ni ba da yake faɗar haka, ƙasa yake kallo. Na miƙe, hannuna a dunƙule, na ratsa tsakar gidan zuwa bakin zana. Na ce, "Yaya, kawo hannunki." Ta ja da baya tana kallon Baba. Ya ce, "Ƙanenki na magana." Ta miƙo, na buɗe tafina na kifa a kan nata tun danshin bai bushe ba, na faɗa mata addu'ar a kunne sau uku.

Baffana ya kaɗe rigarsa ya fita, ya yi kusan shekara bai taka gidanmu ba. Wasu mutanen ma sun koma kai majinyatansu wani gari. A hankali suka dawo, don ƙafar da ta ɗora ba ta fita a karkace. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta taɓawa, asibitin Mayahi take tura masu ita. Baba ya rasu da damina ta zagayo.

Har yau in na tuna jawabin da na yi wa ɗalibai sai kunya ta kama ni. Na zagi wani tsoho a fim ban san abin da ke cin zuciyar nawa tsohon ba. Ya daɗe yana neman hanyar da zai ba 'yarsa ba tare da ya saɓa wa ubansa ba, kuma ban sani ba ko tun ranar da ya aiko a kira ni ya riga ya same ta. Ban tambaye shi ba har ya tafi.

Addu'ar tana nan a kaina, ban taɓa amfani da ita ba. Wani lokaci in na je gida na tarar da yayata a durƙushe kan ƙafar wani, nakan buɗe tafin hannuna in duba. Gadon gidanmu bai zauna a cikinsa ba sai tsawon tafiyar da na yi daga tabarmar Baba zuwa bakin zana, kuma a duk rayuwata ban san wani aiki da hannun nan ya yi da ya kai wannan ba.