Zangon da Jikata Ta Daina Tambaya

Shekarar da aka canja kuɗi mutane suka yi ta cincirindo a ƙofar banki, bayan damina biyu da rushewar katangar gidana a Bukan Sidi, a shekarar ce jikata ta shiga aji biyu a jami'a nan Lafiya. Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Ubanta ɗana ne, manomin doya a Adogi. Uwarta tana sayar da manja a kasuwa. Tun yarinyar tana firamare suka rabu, kuma daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su. Duk saƙonsu ta bakina yake bi. In makaranta ta nemi kuɗi, yarinyar ta zo ta zauna a gefen tabarmata ta ce, "Tsohuwa, an fa fara." Ni kuma in aika Adogi, in taka kasuwa. Uban ya ce, "Inna, nawa waccan ta bayar?" Uwar ta ce, "Mama, ya fara ajiye nasa tukuna." Haka nake ja da su har a haɗa.

To, sai wani zango ya zo yarinyar ba ta tambayi komai ba. Aka koma karatu, shiru. Ta zo gaishe ni da sabon takalmi da waya mai faɗi kamar faranti. Na tsokane ta na ce, "Ke 'yar nema, yau ba roƙo?" Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba.

Ranar Juma'a ɗana ya kawo mini doya, ya ce, "Ashe waccan ta yi hankali, ta biya ita kaɗai." Kwana kaɗan na je sayen manja, uwar tana auna mini tana cewa, "Mama, ɗanki ya tuna yana da 'ya." Na karɓi kwalbar. Duk garin nan ni kaɗai na san babu wanda ya biya a cikinsu.

Na sa aka kira yarinyar, na tura ƙyaure. Na ce, "Wa ya biya?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafi. "Wani Alhaji ne, mai sayen riɗi. Yana rage mini hanya."

"Me ya ce zai karɓa?"

"Bai ce komai ba, Kaka. Tukuna."

Ta ce ta gaji da zama kamar akuyar da ake ciniki a kanta kowane zango.

Na aika wa uban da uwar, kowanne daban, cewa ba ni da lafiya. Suka zo a guje, suka yi kiciɓis a tsakar gidana. Na ce su zauna, kuma kada wanda ya buɗe mini baki. Da na gama gaya musu, uwar ta rufe fuska da zani. Ɗana ya miƙe yana huci, na ce, "Koma ka zauna. Fushinka ba ya biyan kuɗin makaranta." Ya sayar da doyar da ya ware don iri, ita ta kwashi adashinta tun kafin lokacin da ta tsara.

Ni na kai kuɗin da ƙafata, wata maƙwabciyata ta raka ni. Na sami mutumin a shagonsa, leburori suna ɗinke buhuna. Fari ne, mai taushin murya. Ya ce, "Haba Hajiya, ai ni ba bashi na bayar ba." Na ɗora ƙullin a kan sikelinsa, na ɗaga murya na ce leburorin su shaida. Bai taɓa kuɗin ba. Ya yi murmushi kawai, ya ce, "Ki gaishe ta. Bukan Sidi kuke, ko?" Ni kuwa ban gaya masa unguwarmu ba.

Na ɗauke yarinyar daga ɗakin hayar da take zaune, ta dawo ɗakina. Ubanta ke kai ta makaranta a babur in ya shigo gari, in bai shigo ba uwarta ta biya mai keken da muka sani. Har yau ba sa gaisawa, amma ba wanda ya sake tambayata nawa ɗayan ya bayar.

Maƙwabciyata da ta raka ni shagon ta rasu bara. Uban yana nan, uwar tana nan, ni ma ga ni. Yarinyar saura mata zango ɗaya. Mai riɗin ma yana raye, kuma makon jiya yaran layinmu suka ce wata mota ta tsaya an tambayi gidan tsohuwa mai jika a jami'a.